Sifilin Da Muke Rubuta Wa Ƴaƴanmu Da Hannunmu

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu, daga Timiya har Agadas, kuma ya kamata a faɗe ta ba kara. Yaro yana jami'a, zangon karatu ya yi nisa, sai a buga masa waya: ka zo gida, lambun lemu da rumman na neman hannu, ko mahaifinka zai bi ayarin gishiri zuwa Bilma, ko tsohuwa ba ta da lafiya. Ɗan albarka ne, sai ya ɗaure kayansa ya shiga mota. Bai rubuta wa kowa takarda ba, bai sanar da shugaban sashensu ba. Sai bayan shekaru, ranar da ya nemi gurbin digiri na biyu, wannan tafiya ta tare masa hanya.

Ban ce kada ɗa ya amsa kiran iyayensa ba. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda ake tafiyar, da kuma wanda aka fi kira. Na lura ɗalibin likitanci ba a cika taɓa shi ba, ana cewa karatunsa da nauyi. Amma mai karantar wasan kwaikwayo, musamman mai koyon tsara dandamali da sutura da fitilu, shi ne na farko da ake tunawa. Wai ai wasa ne, in ya dawo ya ɗora. To, ba a ɗorawa haka nan.

Mu duba lissafin. A jami'o'in Najeriya, inda ƴaƴanmu da dama ke zuwa karatu, harafin A maki 5 ne, C maki 3, F kuwa sifili. A ce ɗalibi ya yi rajistar kwas shida masu nauyi ɗaya, kuma ƙarfinsa na C ne. In ya zauna duka, matsakaicin makinsa 3.00 ne. In ya ajiye kwas ɗaya a hukumance, a cikin makonnin farko da aka ware don haka, yana nan a 3.00, domin kwas ɗin bai shiga lissafi ba. In kuwa ya ɓace kawai bai zauna jarrabawar ba, sifili za a rubuta masa, ya sauko 2.50. In kwas biyu ya bari, ya faɗo 2.00. Galibin jami'o'in can ba sa ba da gurbin digiri na biyu kai tsaye sai ga wanda jimillar makinsa ta kai 2.40, wato ƙaramar daraja ta biyu. Zango ɗaya ko biyu irin wannan sun isa su ja yaro mai hazaƙa ƙasa da layin.

A nan Nijar ma haka abin yake, sunan ne ya bambanta. A tsarin LMD kowane zango kiredi 30 ne, lisansi kuma 180. Wanda ya bar zango a tsakiya zai yi ta jan bashin darussa, kuma idan aka zo tantance masu neman masta, takardun sakamako ake bajewa a kan tebur. Takarda ba ta da baki. Ba za ta ce mahaifiyarsa ce ta kwanta ba, ba za ta ce daga Yamai zuwa Agadas kusan kilomita 1,000 ne, sannan a ƙara sama da 200 cikin duwatsun Abzin kafin a isa Timiya. Giɓi kawai za ta nuna.

Ga mai koyon tsara dandamali, hasarar biyu ce. Sauran ɗalibai suna iya aron littafin aboki su cike abin da ya wuce su. Shi kuwa karatunsa a hannu yake: ya auna fili, ya zana, ya ƙera ƙaramin samfuri da kwali, ya hau tsani ya saita fitila, ya ɗinka rigar sarkin da zai fito a wasan. Wasan ƙarshen zango sau ɗaya ake yinsa, a rushe kayan. Wanda ba ya nan ba shi da hoto, ba shi da zane, ba shi da malamin da zai rubuta shaidar cewa ya ga aikinsa. A Amurka, inda ake sa harafin W ga wanda ya janye a hukumance ba tare da an rage masa maki ba, abin da masu ɗaukar ɗaliban wannan fanni suka fi dubawa shi ne kundin ayyukan da mutum ya yi da kuma ganawa da shi. Janyewa ɗaya mai dalili ana iya bayaninta. Kundin da babu komai a ciki, me za a ce a kansa?

Masu cewa wannan fanni ba karatu ba ne, su je Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton ke kafa karatun wasan kwaikwayo a can, wani magini ɗan Amurka, Steven Ehrlich, ya zana musu gidan wasa na ƙasa, ɗakuna kewaye da fili kamar gidan Bahaushe. Daga gininmu aka ɗauki dabarar. Yaron da ya tashi yana kallon yadda mata ke kafa ɗakin tabarmi, yadda maƙera ke sarrafa azurfa, yadda ake ado ranar Biyanu a Agadas, ya riga ya zo da ido. Mu ne muke hana idon nan isa inda za a horar da shi.

Malamai, laifinmu bai fi na iyaye sauƙi ba. Muna koya wa yara yadda za su ci BAC, ba ma koya musu yadda ake zama a jami'a. Nawa ne a cikinsu suka bar hannunmu da sanin cewa akwai wa'adin ajiye kwas, ko cewa ana iya neman jingine karatu na zango ko shekara a rubuce? Rashin sani ya fi dare duhu. Awa ɗaya a ajin ƙarshe ta wadatar a yi musu wannan bayani. Su ma malaman jami'a masu tantancewa, adalci ne su ba mai nema damar faɗin dalilin giɓinsa kafin su yanke masa hukuncin lalaci.

Iyaye kuwa, in kira ya zama dole, ku ba yaron kwana biyu. Ya ga shugaban sashe, ya rubuta takarda, a buga mata hatimi, ya riƙe kwafi. In rashin lafiya ce, a haɗa da takardar asibiti. In kuwa aikin na iya jiran mako uku har a gama jarrabawa, a ɗauki ɗan ƙodago a biya shi. Kuɗinsa bai kai na maimaita shekara ba. Kafin ku aika kuɗin mota, ku tambaye shi abu ɗaya: ka rubuta takardar?