Hoton ƙirji da na kai: Tsayuwar majiyyaci ita ce ginshiƙin sakamako

Yayin da ake ƙara dogaro da hoton ƙirji wajen gano tarin fuka a Nijeriya, hankali ya fi karkata ga sayen sababbin na'urori. Sai dai ingancin hoton ya danganta ne da yadda aka tsayar da majiyyaci.

Ƙa'ida ita ce mutum ya tsaya ya jingina ƙirjinsa da faranti, hasken ya shigo ta bayansa daga nisan santimita 180. Zai turo kafaɗunsa gaba don kada allon kafaɗa ya rufe huhu, ya ja numfashi ya riƙe. Idan aka ɗauka ta gaba, kamar yadda ake yi wa wanda ke kwance, zuciya kan fito da girman da ya wuce nata. Karkacewa kaɗan ma kan jirkita hoton, har a zaci ciwon da babu shi, ko a kasa ganin wanda ke akwai. Ma'aikacin da ke neman takardar shaidar lafiya na iya tsintar kansa cikin gwaje-gwajen da ba su da dalili.

A hoton ƙoƙon kai kuwa, ana daidaita kan ne bisa layin da ya tashi daga gefen ido zuwa ramin kunne.

Maimaita hoto ƙarin kuɗi ne ga majiyyaci, kuma ƙarin haske ne a jikinsa. Tun 1987 Nijeriya ke da hukumar rajistar masu wannan sana'a. Abin da ya kamata ta nemi kowane asibiti ya ajiye shi ne lissafin hotunan da aka sake ɗauka, da dalilin sake su.