A Koya Wa Manoman Rani Gane Ciwon Injin Ban Ruwa

Duk wanda ya ratsa fadamun Ringim, Taura, Jahun da Miga, ko bakin madatsar ruwa ta Warwade kusa da Dutse, a tsakanin watan Disamba da na Afrilu, zai ji ƙarar injunan ban ruwa tun da asuba. Tun daga shekarun 1980, lokacin da Hukumar KNARDA ta shiga yaɗa su a tsohuwar Jihar Kano, har zuwa Shirin Fadama wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, waɗannan ƙananan injuna suka maye gurbin jigo. Amma abin takaici, an ba manomi inji ba a koya masa gane ciwonsa ba.

Ciwo biyu ne suka fi damun irin wannan inji, kuma a ido kamanninsu ɗaya, watau inji yana ta ruri amma ruwa ba ya zuwa sosai. Wannan ba baƙon abu ba ne ga masu jiragen ruwan da ke tafiya da feshin ruwa, irin wanda Bill Hamilton ya ƙera a Niyu Zilan a 1954 domin koguna marasa zurfi. Jirgin nan famfo ne ke tura shi, ya zuƙi ruwa ta ƙasa ya fesa ta baya, kuma farfelarsa danginsu ɗaya da ta injin manomi. Makanikan waɗannan jirage sun daɗe da sanin cewa tilas a rarrabe ciwon biyu kafin a kwance ƙusa ko ɗaya.

Na farko shi ne shan iska. Idan mesar zuƙo ruwa ta tsage, ko ɗaurin bakinta ya saki, ko robar da ke tsare sandar farfela ta cinye, sai iska ta riƙa kutsawa ciki. Wurin ba ya yoyo yayin da inji ke aiki, domin ciki yake zuƙa, shi ya sa yake ɓuya. Alamarsa ita ce ruwa ya riƙa fitowa yana yankewa, da kumfa a cikinsa. Gwajinsa kuwa ba ya cin ko kwabo: a riƙa zuba ruwa a kan kowace mahaɗa inji na aiki, inda aka zuba aka ga ruwan ya ƙara ƙarfi, to nan ne ɓarakar take.

Na biyu ya fi ɓarna, watau tafasar ruwa ba tare da wuta ba. Nauyin iskar sararin samaniya ne ke tura ruwa cikin mesa, kuma iyakar abin da zai iya ɗagawa kimanin mita 10 ne a lissafi, a aikace kuwa da ƙyar ya wuce mita 7. Idan ruwan rijiya ya ja baya a watan Maris da Afrilu, ko ciyawa ta toshe rariyar bakin mesa, sai matsin da ke ciki ya ragu har ruwa ya riƙa zama ƙwayoyin tururi. Waɗannan ƙwayoyi suna fashewa a jikin farfela, suna cinta kamar yadda gara ke cin azara. Alamarsa ita ce ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Idan aka rage gudun inji ƙarar ta lafa, to shi ne. Maganinsa a haƙa rami a sauke inji kusa da ruwa, a gajarta mesa, a miƙe ta, a wanke rariya.

Wanda bai san wannan ba, da ya ga ruwa ya ragu sai ya ƙara wa inji wuta, alhali kuwa ƙara wutar shi ke tsananta tafasar. Ga asarar fetur, wanda tsadarsa ta ninka tun da aka janye tallafi a 2023. Sa'an nan ya kai wa makanike a sake farfela, sabuwar ma ta cinye, domin an bar jaki ana dukan taiki. Kafin a gama kai da kawowa, alkamar da ke fitar da kai ta sha ƙishi, kuma da bashi aka noma ta.

Wasu za su ce wannan aikin makanikai ne, manomi ya tsaya ga garmarsa. Amma makanike yana gari, inji yana fadama, kuma ciwon tafasa ba ya nuna kansa a gareji, tun da yake zurfin rijiya ne ke jawo shi.

Saboda haka ya kamata Hukumar JARDA ta sa wannan darasi cikin aikin malaman gona, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha da ke Dutse ta shirya wa makanikan karkara gajeren kwas, gidan Rediyon Jigawa kuma ya riƙa bayaninsa kafin shigowar rani. Duk ranar da hukuma za ta raba injuna, a kai manoma bakin rijiya a nuna musu gwaje-gwajen nan biyu kafin kowa ya ɗauki nasa.