Sayen rautar Wi-Fi a gida: Inda kuɗin masu sabon shiga ke zurarewa

Tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, lissafi ya sauya a gidaje da dama. A gidan da maigida da uwargida da 'ya'ya kowa ke sayen datarsa daban, an fara ganin gara a haɗa kuɗin wuri guda a sayi rauta, wato 'yar na'urar da ke jawo intanet ta rarraba wa wayoyin gida ta Wi-Fi.

Dabarar tana da kyau. Sai dai da yawa daga cikin masu sabon shiga kan wayi gari datar wata guda ta ƙare tun watan bai raba ba, ko kuma sabis ya cika a falo amma babu ko ɗigo a ɗakin ciki. Nan take sai a ɗora wa kamfani laifi. Wani lokaci laifin nasa ne, amma sau da yawa matsalar a cikin gidan take.

Hanyoyi uku ne intanet ke shigowa gida. Wadda aka fi sani ita ce rauta mai layin waya ta 4G ko 5G. MTN ya fara 5G a 2022 a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri, Airtel ya biyo baya a 2023, amma har yanzu ba kowace unguwa ke samu ba. Ta biyu wayar faiba ce da ake jawowa har cikin gida. Ta fi ɗorewa, sai dai a wasu unguwannin manyan birane kawai ake samun ta. Ta uku ita ce Starlink ta tauraron ɗan'adam, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Gwamnatin tarayya ta yi burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na 'yan ƙasa zuwa 2025, amma alƙaluman NCC sun tsaya a wajen rabi, mafi yawa kuma ta layin waya. Akwai shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000. Kafin ta iso lungu, rauta mai layi ce abin hannun talaka, don haka kafin a saye ta ya kamata a gwada layukan kamfanoni daban-daban a waya a cikin gidan, musamman bayan sallar isha'i, lokacin da duk unguwa ke kan intanet.

Inda aka ajiye ta

Al'ada ce a ajiye sabon abu mai daraja kusa da talabijin, ko a ɓoye shi cikin kabad saboda yara. Wi-Fi kuwa igiyar rediyo ce mai rauni. Bangon bulo da kaurin ginin ƙasa suna rage mata ƙarfi, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi kuma kusan tare ta suke yi gaba ɗaya. Gidan da aka gina da zaure da tsakar gida da ɗakuna a kewaye ya fi fuskantar wannan, domin tsakanin ɗakin maigida da na ciki ana iya samun bango uku ko huɗu.

Rauta mai layi tana neman abu biyu a lokaci guda: ta kama ƙarfen sabis da ke waje, ta kuma kai wa wayoyin da ke ciki. Shi ya sa wuri mai tudu kusa da taga, wanda bai yi nisa da tsakiyar gidan ba, ya fi dacewa. Amma ba tagar da rana ke bugawa ba. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kuma na'urar da ta ɗau zafi takan rage gudu ko ta riƙa kashe kanta.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Yawancin rautoci na fitar da Wi-Fi iri biyu, mai lamba 2.4GHz da mai 5GHz. Na biyun ba shi da alaƙa da 5G na kamfanonin waya, kama ce kawai ta suna. Ya fi sauri amma ba ya nisa, na farkon kuma ya fi ratsa bango. Wanda ke ɗakin ƙarshe, 2.4 ne nasa.

Sai wuta. Rauta ba ta da ci, yawanci wat 10 ne ko kusa da haka, amma da Nepa ta ɗauke, intanet ya tafi, kuɗin wata kuma na tafiya. Ƙaramin batirin ajiya mai bolt 12 da ake sayarwa don rauta na iya riƙe ta sa'o'i. Starlink kuwa tana cin ninkin haka sau da yawa, dole sai da sola ko inbata, kuma wannan kuɗi ne da ba kowa ke sa shi a lissafi ba ranar saye.

Kalmar sirri da kunyar makwabci

Kowace rauta kalmomin sirri biyu gare ta. Ɗaya ta shiga Wi-Fi, ɗayar ta shiga saitin na'urar kanta, wanda ake buɗewa a burauza da lambobi irin su 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ta biyun ce aka fi mantawa da ita, kuma a na'urori da dama tana zuwa daga masana'anta da kalma mai sauƙin cinka. Duk wanda ya shiga wurin zai iya sauya komai. Canja su duka biyun a ranar farko, da tabbatar da cewa kullen WPA2 ko WPA3 ne, aikin 'yan mintuna ne.

Abin da ya fi wuya shi ne makwabci. Mutumin da ake sallah sahu ɗaya da shi, matarsa ke aiko da kunu da azumi, idan ɗansa ya yi sallama ya ce Baba a taimaka da lambar Wi-Fi, hana shi ba ƙaramin nauyi ba ne. Wayoyin Android na yanzu kuma suna iya miƙa wa wata waya kalmar ta hoton QR cikin daƙiƙa, ta yadda kafin mako ya zagayo majalisar ƙofar gida duk ta hau. Rautoci da yawa suna da layin baƙi mai kalmar sirrinsa daban, wasu har da damar rage masa gudu. Da shi ana iya fita kunya ba tare da an bayar da komai ba. Shafin saitin yana kuma nuna jerin wayoyin da ke kai, a cire wadda ba a sani ba.

Ɓarawon da ya fi kowa yin ɓarna ma a aljihun mai gidan yake. Waya na ɗaukar Wi-Fi a matsayin kyauta. Da ta hau, sai ta shiga sabunta manhajoji, ta loda hotuna da bidiyon biki zuwa Google Photos, ta kwafe WhatsApp, duk ba tare da tambaya ba. Wayoyi shida kowacce na wannan aiki da daddare, ga bidiyo mai tsananin haske da ke iya cin gigabait uku a awa guda a talabijin. A saitin Wi-Fi na waya akwai wurin da ake nuna mata cewa wannan layin na awo ne, daga nan sai ta kama kanta.

Tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka ma yana da sharaɗi. A yawancinsu, idan aka kai wani adadi sai a rage gudun har ƙarshen wata, kuma adadin na rubuce da ƙananan haruffa. Haka gudun da ake rubutawa a kwali da megabit ne, kuma sai takwas ke yin megabait ɗaya, wato mai 20 ba ya wuce megabait biyu da rabi a daƙiƙa, shi ma duk gida ke rabawa. Wanda ya duba waɗannan duka ya ga har yanzu datarsa na ɓacewa, zai fara kai ƙorafi wurin kamfanin ya karɓi lambar ƙorafin, idan ba a share masa hawaye ba ya kira NCC a layinta na kyauta, 622.