Kalmar "Mashaya" Ba Ta Ɗauke Shi Ba

Wannan makon ƙorafi ne da ni a kan kalma ɗaya. Da zarar jarumin littafi ya sauka Ingila, marubuci kuma yana so ya nuna yaro ya lalace, sai ya tura shi "mashaya": duhu, kiɗa, kwalabe, mata na rawa. Ni ma hoton da ke kaina ke nan, har ranar da dare ya riske mu a wani ƙauye a arewacin Yorkshire, abokin tafiyata ya ce babu masauki a garin sai gidan da Turawa ke kira pub.

Na shiga ina ɗari-ɗari. Tsohon gini ne na dutse, rufinsa ƙasa-ƙasa har dogo sai ya sunkuya. Itace na ci a murhu, kare na kwance a gindin kujera, wata tsohuwa da jikokinta suna cin abincin dare. Babu kiɗa. Hayaƙin taba ma babu, domin tun ranar 1 ga Yulin 2007 doka ta hana busa ta a cikin irin waɗannan wurare a Ingila. A sama kuwa 'yan ɗakunan kwana ne na baƙi.

Irin wannan gida, wanda girki ya fi abin sha ƙarfi a cikinsa, shi suke ce wa gastropub. Galibi ana danganta farkonsa da wani gida mai suna The Eagle a Landan, a 1991. Abin ya bunƙasa har gidan Tom Kerridge da ke Marlow, The Hand and Flowers, ya zama pub na farko da ya samu tauraro biyu na Michelin, lambar da manyan masu girki ke mafarki. Ɗakunan kwanan ma da dalilinsu: ƙauye ne, mota ce ke kawo baƙo, wanda ya sha fiye da ƙima kuma doka ba ta bar shi ya tuƙa ba.

Ba na shan giya, ban kuma ɗanɗana ba. Lemon citta na sha. Amma tambaya ba ta karya alwala, sai na tambayi mai gidan game da wasu famfuna uku masu dogon hannu da ke kan kanta. Ya ce wannan ita ce giyar ganga, wadda suke kira ta gaskiya. Ba a dafa ta a kashe ƙwayar yis ɗin cikinta ba, ba a cusa mata iskar gas ba, tana ci gaba da nuna a cikin ganga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da hannu ake jawo ta. A 1971 aka kafa ƙungiyar CAMRA musamman don kada manyan kamfanoni su kashe ta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: in aka buɗe ganga, cikin kwana uku zuwa huɗu sai ta ƙare, in ba haka ba ta yi tsami a zubar. Baƙon da ya zo cin abinci sau ɗaya a shekara ba zai shanye ganga ba. Sai 'yan gari masu zuwa kullum. Wato famfon nan shi ne ma'aunin ko gidan har yanzu na mutanen ƙauyen ne.

A nan labarin yake, kuma shi muke tsallakewa. Gida ɗaya ne amma jama'a biyu. Kusan duk falon an cika shi da teburan cin abinci, an tanadar wa waɗanda suka bugo waya daga birni. Tsofaffin manoma uku kuwa an matse su a lungu kusa da ƙofa, da takalmansu na taɓo, suna hirar tumaki kamar masu zaman teburin mai shayi. Kuɗin baƙi ne ya hana a rufe gidan a mayar da shi gidan haya, wannan gaskiya ne, amma kuɗin nan ne ya ci musu wurin zama. A ganina cinikin ya yi wa manoman tsada, ko da yake da na faɗa wa mai gidan haka sai ya nuna mini rufin da ya gyara, ya ce hira ba ta biyan kafinta.

Na san wani zai ce: mene ne na bayyana gidan giya dalla-dalla a littafin Hausa? Ba dole ba ne ka kai jaruminka can. Amma in ka kai shi, mai karatu na bin ka bashin gaskiya, kuma bayyana abu ba tallarsa ba ne. Gaskiyar ma ta fi ƙagaggen hoton ba ka abin rubutawa. Jarabawar Musa ko Zainab a irin wannan wuri ba 'yan rawa ba ne. Takardar abinci ce: kifin da aka tsoma a ƙullun da aka dama da giya, naman sa da aka dafa a cikinta, karin kumallo mai naman alade da wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Ga kunyar yin tambaya sau uku a gaban mutane, ga yarinyar da ke kawo abinci tana komawa kicin ta tambayo maka ba tare da ta ɓata rai ba.

Da safe ƙwai da burodi na ci, da shayi. Ina fita na tarar da ɗaya daga cikin manoman jiya yana taya mai gidan sauke ganguna daga mota, suna gardama a kan wanda ya bar ƙofar makiyaya a buɗe.