Hunturu Ya Kama, Direbobi A Yi Hattara

Hunturu ya kama, kuma wajibi ne wannan mujalla ta yi tunatarwa a kan lamarin da ke cin rayukan jama'a kowace shekara, wato ganganci da mota a cikin hazo.

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta lulluɓe garuruwanmu. Idan hazon ya yi tsanani, har jiragen sama kan kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Abin mamaki shi ne, matuƙin jirgi da ke da na'urori yakan haƙura ya jira, amma direban bas da ba shi da komai sai idanunsa yana sheƙa gudu a hanyar Kano zuwa Zariya ko ta Funtuwa zuwa Gusau kamar ba ya ganin abin da ya sauko.

Ƙa'idar da ta tattara dukkan tuƙin hunturu ita ce: kada gudun motarka ya wuce abin da idonka ke hange. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma ko da birkinta da tayoyinta lafiyayyu ne, sai ta ci fiye da mita 70 kafin ta tsaya cak. Wadda ke gudun kilomita 50 kuwa ba ta kai mita 30. Dalili shi ne, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata yakan ninka sau huɗu. Saboda haka wanda hazo ko hayaƙin ƙonar daji ya taƙaita masa gani zuwa mita 50, sannan ya ci gaba da gudun ɗari, ya riga ya jefa kansa da fasinjojinsa cikin halaka tun kafin ya hango tirelar da ta lalace a tsakiyar titi, ko amalanke, ko garken shanu.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana aiki da dokar da ta iyakance wa motocin haya kilomita 80 a babbar hanya da 90 a tagwayen hanyoyi, tanka da tirela kuwa 50 da 60. Amma a lura, wannan iyaka ta ranar da gari ya washe ce. Ranar hazo kuwa hankali ke hukunta a yi ƙasa da ita nesa.

Sannan akwai waɗansu ladubba. A kunna fitila ko da rana, amma ta kusa, domin fitilar nesa takan bugi ƙura ta dawo ta kashe wa direba ido. A ba motar gaba tazara mai yawa, a bar yunƙurin wuce ta alhali ba a ganin mai tahowa. A wanke gilashi ciki da waje kafin a tashi, a kuma kakkaɓe matatar iskar inji, domin ƙura kan toshe ta da wuri. Wanda motarsa ta lalace ya ture ta gefen titi, ya kunna fitilun gargaɗi, ya ajiye alamar nan mai ƙyalli da nisa, domin reshen itace ba ya ganuwa cikin hazo. Masu babur da ke naɗe fuska saboda sanyin asuba, su bar idanu da kunnuwa a buɗe. Idan kuwa hanya ta ɓace gaba ɗaya, a sauka daga kwalta a jira.

Abin takaici, idan haɗari ya auku sai a ce kwana ne ya ƙare, a rufe magana. Lalle ajali ba ya jinkiri, amma imani da ƙaddara bai taɓa zama uzuri ga mai sakaci ba, kuma tawakkali na gaskiya yana tare da riƙon sababi. Rayukan da ke cikin mota amana ce a wuyan direba.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshi da su jinkirta tashin asuba ranar da hazo ya yi kauri. Ga masu motoci da su daina matsa wa direbobinsu a kan yawan sawu. Ga fasinjoji kuma da su daina zuga direba ya taka ta, su tsawata masa da ladabi in ya ƙetare iyaka. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.