Sanarwar Bayan Taro Kan Kundin Baje Kolin Zane-zane

Ƙungiyarmu ta masu zane, sassaƙa da ginin tukwane ta zauna a Zariya kan batun kundin da ake bugawa lokacin baje koli.

Taron ya lura cewa baje koli ba ya wuce 'yan makonni, daga nan a kwashe kaya, wasu a sayar, wasu su haura ƙasashen waje. Kundin ne kaɗai ke zama shaida. Ɗalibin da ke bin sawun ƙungiyar Zaria Art Society ta 1958, ta su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, abin da aka buga yake fara nema. Amma mu sai an gama biyan kuɗin rumfa da abinci muke tunawa da kundi. An amince daga yanzu kuɗinsa za a fara warewa.

An fi daɗewa kan batun suna. Duniya ta san Ladi Kwali, har hotonta ya hau takardar naira 20, domin ana rubuta sunanta a gefen tukwanenta. Takwarorinta da yawa kuwa an bar su da "tukunyar Gwari" kawai. Ba za mu ƙara buga hoton riga ko zanen rini ba tare da sunan maɗinki ko marini ba. Ƙarƙashin kowane hoto a sa sunan mai aiki, shekara, abin da aka yi aikin da shi, girmansa da santimita, da sunan mai ɗaukar hoto.

Kan batun bugu kuwa, shuɗin baba yakan yi kyau a fuskar kwamfuta, ya fito a dushe daga injin da ke aiki da tawada huɗu. Saboda haka sai mai aikin ya ga gwajin bugu ya sa hannu. Bayani zai kasance da Hausa da Turanci, a kuma tabbatar haruffa masu lanƙwasa (ƙ, ɗ, ɓ) sun fito daidai. Gaisuwar masu tallafi kada ta wuce shafi ɗaya. An sha ganin ta cinye rabin kundi.

Za a nemi lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, a kai masa kwafin da doka ta tanada.

Ba a daidaita ba kan sa farashin ayyuka a cikin kundin. An ɗage batun zuwa zama na gaba.

Sa hannu:
Sakataren ƙungiya