Ƙera Injuna: Wajibin da Adar ke Jira

Duk wanda ya dubi fadamun Tarka a Madawa, inda injin ban-ruwa ke ruri tun asuba a garaken albasa, ko ya tuna yadda aka kawo taraktoci daga ƙetare domin aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a Keita a 1984 da tallafin Italiya, zai fahimci cewa arzikin wannan yanki na Adar ya rataya ne ga na'urorin da ba hannunmu ya ƙera ba. Ribar da manomi ya samu bayan wahalar rani, kaso mai yawa nata yana komawa ga fataken injuna da kayan gyara, alhali injin da ya lalace a tsakiyar ban-ruwa yana iya halaka amfanin shekara.

Malaman fiƙihu sun bayyana cewa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa sai da su farali ne na kifaya, wanda idan kowa ya bari, laifin ya hau kan jama'a baki ɗaya; ƙera injuna kuwa yana cikin irin waɗannan sana'o'i. Kuma ba mu rasa tushe ba, domin ma'aikatar ACREMA ta Tawa ta daɗe tana ƙera garma da amalanke, maƙeran Buza da masu walda na Madawa kuwa suna gyara abin da aka ce ya mutu.

Saboda haka muna kira ga mahukunta su wadata waɗannan masu sana'a da lantarki, da rance mai sauƙi, da horo, sa'an nan su riƙa sayen abin da suka ƙera.